Haƙƙin masu ɗinka mana sutura

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ku ba ni fili in yi magana kan masu ɗinka mana sutura, na nesa da na kusa.

Ranar 24 ga Afrilu 2013 benen Rana Plaza ya rufta a kusa da Daka, babban birnin Bangladesh, mutane fiye da 1,100 suka rasu, akasarinsu mata masu ɗinki. Tun kwana guda kafin nan an ga bango ya tsage, amma aka tilasta musu komawa bakin keke. Kayan kamfanonin Turai da Amurka suke ɗinkawa, irin waɗanda ke zuwa mana dila-dila bayan an gama sawa, mu yi ta tonon su a layin ƴan gwanjo. Wannan musiba ce ta ƙara wa masu kiran a yi cinikin adalci ƙarfi: mai saye ya san wanda ya ɗinka rigarsa, ya tabbata an biya shi haƙƙinsa.

To mu fa a nan Maraɗi? Edita, ka leƙa shagon tela a goman ƙarshe na azumi. Za ka tarar da yaran shago, wasu ko gemu ba su fara ba, wannan na datse zare, wancan na hura gawayin dutsen guga. In an ɗauke wuta sai yaro ya ciji ƴar tocila ya ci gaba da ɗinka maɓalli. A nan zai yi sahur, a kan tarin ƙyalle zai kishingiɗa. Ladansa kuɗin abinci, sauran sai abin da maigida ya ga dama.

Ban ɗora wa teloli laifin duka ba. Mutum zai sayi shadda mai tsada ko tayawa bai yi ba, da ya zo wurin tela sai ciniki ya tashi, ya karɓi kaya ya ce sai bayan Salla. Telan da ake riƙe wa kuɗi, da me zai sallami yaransa? Alhali kowa ya san hadisin da ya ce a biya ma'aikaci kafin zufansa ya bushe.

Don Allah ku gayyato shugabannin teloli da iyayen yaran su zauna, a tsayar da magana: shekara nawa yaro zai yi yana koyo, nawa za a riƙa ba shi bayan hannunsa ya faɗa, kuma wa zai saya masa keke ranar da aka yaye shi. Ku yi wannan zama tun kafin azumi ya kama.

Naku,
Wani mazaunin unguwar Zariya, Maraɗi