A riƙa warware mana dogon Turancin hukuma

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ni tsohon malamin Turanci ne a sakandare, yanzu na yi ritaya. Roƙona gare ku shi ne ku ware ɗan fili kowane mako domin bayanin manyan kalmomin Turanci da hukumomi da kotuna ke jefo wa jama'a.

Ba kalmomin burga nake nufi ba, irin waɗanda Patrick Obahiagbon ya yi suna da su a Majalisar Wakilai. Waɗannan ko ba a gane su ba, babu wanda ya yi asara. Damuwata kalmomin da ke taɓa ƙuri'ar mutum da tukunyar gidansa.

A zaɓen gwamnoni na Maris 2019, INEC ta ce sakamakon jihohi shida, ciki har da Kano da Bauchi da Sakkwato, ya zama "inconclusive". Nan da nan inkwankulusib ta shiga bakin kowa, kuma a majalisarmu ta ƙofar gida yawanci sun ɗauka ma'anarta "an murɗe". Abin da hukumar ta ce shi ne, tazarar da ke tsakanin na ɗaya da na biyu ba ta kai yawan masu rajista a rumfunan da aka soke ba, don haka sai an sake zaɓe a waɗannan rumfuna. Mutum na da ikon ƙin yarda da wannan hukunci, amma ya kamata ya san abin da yake ƙi.

Wadda ta fi damuna ita ce "palliative". Tun da aka cire tallafin man fetur a 2023 ake fassara ta da "tallafi". A wajen likitoci, kalmar na nufin abin da ke rage raɗaɗin ciwo ba tare da ya warkar da shi ba. Da talaka ya san haka, da ya karɓi shinkafarsa, sannan ya tambaya ina maganin cutar.

Haka idan alƙali ya ce a tsaya kan "status quo", wadda ma Latin ce, wato a bar al'amura yadda suke, sai ka ga ɓangarorin biyu duk suna murna, kowa na cewa shi ya yi nasara.

Don Allah ku kawo kalmar, da yadda ake furta ta, da jimlar da ta fito a ciki, sannan ma'anarta da Hausar da ɗan kasuwa zai gane. In ta shari'a ce, a tuntuɓi lauya kafin a buga.

Naku,
Tsohon malami, daga Zariya