Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga shugaban ƙaramar hukumarmu: a hau dutsen nan a ƙirga mu

Assalamu alaikum, ranka ya daɗe.

Ni ɗan wani ƙaramin ƙauye ne da ke kan dutse a yankin da kake shugabanta, irin ƙauyen da mota ke kai ka gindin dutse ta ce ga garinku nan, saura kuma sai ƙafa. Ba kukan hanya na zo yi ba yau, wannan mun gaji da shi. Maganar lissafi na kawo, wato yadda ake rubuta mu a takarda.

Majalisar Ɗinkin Duniya ta ba da shawarar a riƙa ƙidayar jama'a aƙalla sau ɗaya duk shekara 10, don da wannan adadin ake raba makaranta da malamai da asibiti. To mu dai in masu ƙidaya sun zo, galibi a ƙasa suke tsayawa, su aika a kira mai unguwa ya sauko ya faɗi yawan gidaje da ka, su rubuta su juya, kuma in da rani ne ma samarinmu duk sun tafi cirani, sai takarda ta nuna tsofaffi da yara ne kawai a garin. Daga nan sai a ce ai ba ku kai a turo muku malami na biyu ba. Ka ji inda cutar take.

Batun karatu ma haka ne. A ma'aunin UNESCO, hukumar ilimi ta Majalisar Ɗinkin Duniya, mai ilimin karatu shi ne wanda zai iya karanta ya kuma rubuta gajeriyar magana kan rayuwarsa ta yau da kullum, a kowane harshe, kuma daga ɗan shekara 15 zuwa sama ake lissafin manya. Amma wa ake tambaya? Maigida. Shi kuma don kunya sai ya ce ai duk yarana suna karatu, alhali yaron da ya gama aji shida bai iya haɗa baƙi ba, don malami ɗaya ne da azuzuwa shida, shi ma in ruwa ya sauka hanya ta yi santsi ba ya hawowa, kuma wallahi ban ga laifinsa ba.

Sai aikin yi. Tun 2013 masana ƙididdiga na hukumar ƙwadago ta duniya, ILO, suka ware noman ci daga aikin da ake yi don kuɗi ko riba, kuma ko awa ɗaya mutum ya yi a mako ana biyansa to mai aiki ne. Ka ga kenan yaron da ya yi dako sau ɗaya ya shiga layin ma'aikata, uwarsa da ke hawa da sauka da ruwa da itace tun asuba tana kuma gyaran gona a gangare ba ta shiga ba, a wajen mai rubutu ma "ba ta aikin komai".

Ranka ya daɗe roƙona shi ne ka sa a hau, gida gida, lokacin damina da 'yan cirani sun dawo, a tambayi mata da bakinsu, a miƙa wa yaro takarda ya karanta a gaban mai rubutu. In kuma ma'aikatanka na tsoron hanyar, mu za mu sauko mu ɗaukar musu kaya.

Naka,
Wani ɗan ƙauyen kan dutse