Wutar da muka yanke wa Nijar ba sadaka ba ce

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili in yi tsokaci kan maganar da masu sharhi suke ta nanatawa tun bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, 2023 a Jamhuriyar Nijar, wai hulɗar ƙasashe ba ta san zumunci ba, kowace ƙasa amfanin kanta take dubawa. Ban musa ba, amma ina so a gaya mini amfanin da Najeriya ta samu da ta yanke wa maƙwabciyarta wutar lantarki a farkon watan Agustan waccan shekarar.

Da yawa sun ɗauka wutar nan alfarma ce muke yi wa ƙanenmu, alhali ciniki ne. Kogin Kwara sai ya ratsa Nijar kafin ya shigo ƙasarmu ta Jihar Kebbi, kuma da ruwansa ne madatsar Kainji, wadda aka kammala a 1968, take juya injinanta, haka ma ta Jebba. Fahimtar da aka daɗe a kanta ita ce mu riƙa sayar musu da wuta, su kuma kada su tare ruwan daga sama, har ta kai, kafin a yanke ta a 2023, kusan kashi 70 cikin ɗari na wutar Nijar daga wurinmu take zuwa. Ranar da aka kashe layin da ya tashi daga Birnin Kebbi zuwa Yamai, mun miƙa musu hujjar gaggauta madatsar Kandaji da suke ginawa a yankin Tillaberi, kuma idan ruwa ya ja baya, masuntan Yawuri da manoman da ke bakin kogi ne za su fara ji a jikinsu.

Ni mutumin Illela ne, tsakaninmu da Birnin Ƙonni tafiyar 'yan mintoci ce. Da aka rufe iyaka saboda takunkumin da ECOWAS ta ƙaƙaba wa Nijar bayan juyin mulkin, da idona na ga manyan motoci jere a bakin iyakar makonni, albasa tana ruɓewa a cikin buhuna har wari ya hana mutum tsayawa kusa, direbobi kuwa suna shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin motocinsu. Da yayata da ke aure a Ƙonni ta kwanta ciwo, sai ta ɓarauniyar hanya na je duba ta a bayan babur, na biya ninkin abin da na saba biya. 'Yan fasa-ƙwauri ne kaɗai suka ci ribar rufewar, su kuwa sojojin da aka so a matsa wa suna nan daram har ECOWAS ta janye takunkumin a Fabrairun 2024.

Magabatanmu sun fi mu sanin inda amfanin yake. A lokacin yaƙin basasar Najeriya, Shugaba Diori Hamani na Nijar ya tsaya tare da gwamnatin tarayya duk da cewa Faransa ta karkata ga Biyafara, domin ya san ƙasar da ba ta da teku ba za ta zauna lafiya ba idan Najeriya ta tarwatse. Daga wannan amana ce aka kafa hukumar haɗin gwiwar ƙasashen biyu a 1971.

Ba na wanke mahukuntan Yamai. Zargin da Janar Tiani, shugaban mulkin sojan Nijar, ya yi a Disamban 2024, cewa Najeriya tana haɗa baki da Faransa a kansu, bai amfani kowa ba sai 'yan bindigar da ke yawo a kan iyaka mai tsawon kusan kilomita 1,500.

Roƙona ga Majalisar Dattawa, wadda ta ƙi goyon bayan amfani da ƙarfin soja a Agustan 2023, shi ne ta yi doka cewa ba za a ƙara yanke wa maƙwabta wuta ko a tare musu abinci da magani ba sai da amincewarta, bayan an saurari jihohi bakwai da ke kan wannan iyaka.

Wassalam,
Wani mai karatu daga Illela, Jihar Sakkwato