Baba, Ga Ra'ayina Kan Gidauniyar Shekara 50

Zuwa ga Baba, a Tawa.

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ina fata kuna lafiya, ku da Inna da duk mutanen gida. Yaya ƙafar Inna, ta yi sauƙi? Mu nan Abijan lafiya lau, aiki da godiya. Motocin albasar Galmi sun fara shigowa kasuwar Ajame, ba ma samun zama sai dare, shi ya sa kuka ji ni shiru kwana biyu.

Saƙon muryar Yaya ya iso. Na ji dattawa sun tsai da shawara a buɗe gidauniya domin cikar ikilisiyarmu shekara 50. Sau uku na saurare shi, sai da idona ya cika da hawaye. Na tuna Kaka, yadda yake ba mu labarin sujadarsu ta farko a ƙarƙashin rumfar kara, su ƴan kaɗan, bayan ya baro aikin leburanci a asibitin Galmi. Yau ga jikokinsa ana maganar shekara 50. Godiya ta tabbata ga Allah.

Amma Baba, ku yi mini haƙuri, akwai abin da ya tsaya mini a rai. A jerin da Yaya ya karanto, anko ne a gaba, sai shanu biyu, sai hayar rumfuna da kujeru da lasifika, rufin majami'a kuwa can a ƙarshe. Ni a ganina a juya jerin. Zuwana gida na ƙarshe da damina ne, kuma da idona na ga ruwa yana tsiyaya ta ɓangaren mata ana cikin wa'azi, Inna da ƴan zumuntar mata suna jan benci suna tara robobi. Bangon gabas kuma ya tsage, har hannuna na zura a ciki. Kun dai ga abin da daminar 2024 ta yi, har tsohon masallacin Damagaram da ya haura shekara 100 a tsaye ya zube. Bangonmu bai kai nasa kauri ba. In muka ci shanu muka watse, damina ta gaba a ina za mu zauna?

Kafin a ambaci ko dala a gaban jama'a, a kira magina biyu ko uku, kowa ya duba ya rubuta nasa kiyasin: buhu nawa na simintin Malbaza, bandir nawa na kwano, ƙarfe, katako, yashi, kuɗin aiki. A ɗora wani abu a kai, don farashin yau ba shi ne na baɗi ba. Ku kuka koya mana Luka 14:28, cewa mai son gina hasumiya yakan fara zama ya yi lissafi. In adadin ya fito, kada a yi shelarsa tukuna. Fasto da dattijo ɗaya su bi masu hali gida-gida, ƴan kasuwa da ma'aikata da ƴaƴanmu na Yamai, kowa ya faɗi abin da zai iya da lokacin da zai biya. Ranar ƙaddamarwa mutane su ji an riga an ci rabin tafiya, sai zuciyar kowa ta yi ƙarfi.

Kuma kada a ce sai kuɗi. Yawancin mutanenmu ba albashi gare su ba. Da kaka wani zai ba da damin hatsi, wani buhun albasa, wata akuya, samari su buga bulo. Duk a yi musu kuɗi a rubuta, yadda tsohuwar da ta kawo tiya biyu ta wake za ta ji an kira sunanta kamar na kowa.

Saura maganar da ta fi yi mini nauyin faɗa. Shekarun baya mun haɗa kuɗin benci muka aiko, har yau ba wanda ya ce mana ga abin da aka saya. Ban ce wani ya ci ba, Allah ya kiyaye. Amma ni na karɓa daga hannun ƴan'uwa masu dakon buhu tun asuba, kuma duk lokacin da suka tambaye ni sai in sunkuyar da kai. Wannan karon a buɗe asusu a banki da sunan ikilisiya, mutum uku su sa hannu, ɗaya daga cikinsu mace. Kowane baiko da rasit ɗinsa. Lahadin farko na kowane wata ma'aji ya karanta abin da ya shigo da abin da ya fita, a ɗauki hoton kayen a turo mana ta WhatsApp. Manzo Bulus ma da zai kai gudummawa Urushalima bai yarda ya riƙe ta shi kaɗai ba, sai da ikilisiyoyi suka zaɓi mai rakiya.

Mu 14 ne a nan, mun zauna ranar Lahadi bayan sujada. Kowa ya ɗauki jika 5 a wata, jika 70 ke nan. Cikin wata 20 za su kai miliyan 1 da jika 400. Mun yarda kuɗin rufi ne, ba na biki ba. Ankona da na matata ni zan saya daban.

Ranar bikin kada a manta da mai unguwa da liman da maƙwabtan da suka ba mu ruwa lokacin ginin farko, a kai musu gayyata da baki, ba takarda kawai ba.

Da zarar kiyasin magina ya fito, Yaya ya turo mini, kason farko zai taso ƙarshen watan. Na ba direban motar albasa man zafi ya kawo wa Inna, zai iso Tawa cikin mako. A gaida Fasto da iyalinsa, a gaida su Gwaggo.

Ɗanku,
daga Abijan