Matsafin HeroQuest na tara zinariya amma babu abin da zai saya

Assalamu alaikum Malam Edita. Don Allah a ɗan sam min fili in yi magana kan wani wasan allo da muke bugawa ni da ƙannena, HeroQuest, wanda ya fara fitowa a 1989 aka kuma sake fito da shi a 2021. Mutum huɗu ne ke shiga kurkukun ƙarƙashin ƙasa suna buɗe ƙofofi suna yaƙar dodanni, na biyar kuma shi ke riƙe da dodannin. Wasan akwai daɗi wallahi, amma rabon ƙarfin jaruman nan huɗu, wato Barbariyan da wada da matsafi da Elf mai haɗa sara da ɗan tsafi, bai yi ba.

Ka duba fa, ƙaton nan Barbariyan rai 8 gare shi, wato bugu 8 zai sha kafin ya mutu, kuma dayis 3 yake jefawa in zai kai sara, wada rai 7, Elf rai 6, su biyun dayis bibbiyu, shi kuwa matsafi rai 4 da dayis ɗaya tal. To dayis ɗin fuska shida ne, uku daga ciki hoton ƙoƙon kai ne, shi ne alamar bugu, wato in matsafi ya jefa nasa rabi da rabi ne ma ya samu bugu ɗaya, kuma dodon ma sai ya jefa na karewa. Dodo irin Orc guda ɗaya in ya dace da jifa zai iya kwashe masa rai uku lokaci guda, saura ƙiris kenan a ɗauke shi daga allo.

Na san za a ce ai yana da katin tsafi har 9, Elf uku kawai, kuma gaskiya wasu na da kyau, akwai na aljanin da ke kai hari da dayis 5, akwai mai mayar wa mutum rai har 4. Ni ban ƙi ba. Amma kowane kati sau ɗaya ake amfani da shi a tafiya guda, wato shiga kurkuku ɗaya, da ya ƙare shikenan sai dai ka koma bin bayan mutane kamar ɗan rakiya.

Inda abin ya fi ba ni haushi shi ne kuɗi. Bayan kowace tafiya ana zuwa a sayi makamai da zinariyar da aka kwaso, ƙato ya sayi gatari ya koma dayis 4, ya sayi sulke da hular ƙarfe, wada ma haka, amma matsafi doka ta hana shi manyan makamai da sulke, ɗan abin da ya rage masa irin su sanda da wuƙa ne, kuma sandar ma dayis ɗaya ce. Don haka a tafiya ta farko tazarar kaɗan ce, kafin a kai ta goma kowa ya girma shi yana nan inda yake sai dai in an tsinci wani kayan tsafi a hanya. A wajenmu autanmu ne kullum ake liƙa wa matsafi saboda manya sun riga sun wawushe sauran, ran nan na ga yaron ya jera katunan tsafinsa a kife duk ya ƙarar, ya zuba tagumi yana kallon yayansa na ta sara, da aka zo rabon zinariya sai ya tura nasa kason gaban ƙato ya ce ai ni ba ta da amfani a wajena. Abin ya taɓa ni.

Mu dai yanzu mun yi tamu dokar, matsafi zai iya biyan zinariya kafin a shiga don ya maimaita kati ɗaya sau biyu, kuma ana juya jaruman, wanda ya riƙe ƙato yau gobe shi ne matsafi. Mai riƙe dodanni ya yi ta ƙorafi wai mun sauƙaƙa wasan, muka ce ya ƙara Orc ɗaya a ɗakin ƙarshe ya huce. In akwai masu karatu da suka gwada wata dabarar daban, don Allah su rubuto mu gani.

Naku mai karatu a kullum.