Tsohon lofen Ingila: a duba cikinsa kafin a biya kuɗin sunansa

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarka in yi magana a kan tsofaffin lofe na Ingila, waɗanda masu tara kayan da ke zuba wa kuɗi a kasuwannin gwanjo na Turai da Amurka. Ba tallar taba na zo yi ba, illarta ga baki da huhu ba ɓoyayya ba ce. Maganata a kan aikin hannu ce da yadda ake gane nagari, domin sau da yawa mai saye yakan biya kuɗin suna ya koma gida da gawayi.

Itacen da ake sassaƙa lofen, wato biraya, ba daga Ingila yake fitowa ba. Ƙullutu ne da ke tsakanin saiwa da gindin wani ɗan itace, Erica arborea, da ke tsiro a duwatsun Aljeriya, Kosika, Italiya da Girka. Ana tono shi a yayyanka, a tafasa sa'o'i da dama don ƙaro da ɗacinsa su fita, sannan a shanya a inuwa wata da watanni. Ita kanta sana'ar a garin Saint-Claude na Faransa ta kafu a shekarun 1850, kuma daga can mai ƙera lofe Henri Comoy ya koma Landan a 1879. Inda Ingila ta yi zarra shi ne zaɓen itace, haƙurin busar da shi, da yanka bakin lofe, wato sashen da ake zuƙa ta cikinsa, da hannu.

Idan ka zauna da masu tara lofe, maganar da ba ta ƙarewa ita ce zamanin iyali, wato lokacin da 'ya'ya da jikokin masu kafa kamfani ke riƙe da shi. Gidan Barling, da ya fara da ƙirar azurfa a 1812, an sayar da shi a 1960, iyalin kuma suka bar aikin a 1962. Saboda haka lofe mai hatimin Barling's Make, da kalmar farko a lanƙwashe kamar baka, ya fi wanda aka buga bayan nan tsada nesa ba kusa ba. Kamfanin Sasieni ya bar hannun iyali a 1979, kuma masana na bambanta hatimin Four Dot na da da 4 Dot na baya. A Comoy ana duba harafin C na jikin baki: tsohon da gutsure uku aka dasa shi cikin robar, na baya kuwa bugawa kawai aka yi. A lofen kamfanin GBD ana neman ɗan tambarin tagulla.

Akwai gaskiya a wannan ra'ayi. Bayan an sayar da kamfanonin, an rage yanka baki daga sandar roba aka koma zubawa a inji, ya yi kauri a haƙori, kuma an fara barin itace mai rami da aka cike ya fita da babban suna. Amma a ganina an wuce gona da iri. Ranar da aka sa hannu a takardar ciniki, ma'aikatan nan dai su ne a bakin aiki, itacen da ke ɗakin ajiya ma bai canja ba. Sannan lofen 1935 da ya kawo yau, ai wanda ya jure ne. 'Yan uwansa marasa kyau sun ƙone an zubar tun kafin a haifi mai sayen, shi ya sa zamanin yake kama da ba a taɓa kuskure a cikinsa ba.

Dunhill ne ya fi raba kan jama'a. Alfred Dunhill ya buɗe shagonsa a titin Duke na Landan a 1907, ya fara yin lofe a 1910, ya sa farin ɗigo a baki a 1912, ya fito da Shell Briar a 1917, wanda ake fesa wa yashi da ƙarfi har laushin itacen ya zube jijiyoyin su fito. Masoyansa sun fi son tsofaffin Shell na itacen Aljeriya, don laushinsa ya sa yashin ya ci sosai, jikin ya yi kwari da tudu. Masu suka kuwa cewa suke rabin kuɗin na ɗigon ne. Abin da ba gardama shi ne Dunhill ya fi kowa sauƙin sanin shekara. Daga 1955 an daina buga lambar rajistar ƙira, kuma a na bayan 1960 har zuwa shekarun 1990 lambar da ke bin Made in England ita ake ƙarawa a kan 1960, wato 12 na nufin 1972. Wannan sauƙin ma yana cikin abin da ke ɗaga farashin.

Zoben azurfa a wuyan lofe yakan ruɗi mutane. Hoton zaki na nuna azurfa ce mai kyau, kan damisa Landan, ankar jirgin ruwa Birmingham, harafi kuma shekara. Amma shekarar zoben ce, ba lallai ta itacen ba, kuma masu gyara kan sa zobe don ɗaure wuyan da ya tsage. A duba ƙarƙashin gefensa da gilashin ƙara girma.

Ga abin da ya kamata a fara dubawa kafin hatimi. A haska tocila cikin tukunyar lofen, inda ake zuba taba. Idan bangon ya yi tsage-tsage kamar saƙa, ko farce ya nutse a wani wuri, wuta ta fara cin itacen, musamman idan daidai wurin ya yi duhu daga waje. A duba bakin tukunyar daga sama: idan gefe ɗaya ya fi sirantaka, wani ya kankare da wuƙa ya ɓata da'irar. Sannan a zura tsinken goge lofe, 'yar wayar nan mai auduga, daga baki. A miƙaƙƙen lofe ya kamata ya wuce ba tirjiya ya ɓullo a tsakiyar gindin tukunya. Idan ramin ya fito sama da gindin, tabar ƙasa ba za ta ci wuta ba, sai ta jiƙe. Idan kuma tsinin baki, wanda ke shiga cikin wuya, bai kai ƙarshen ramin wuya ba, danshi zai taru a giɓin, lofen ya riƙa gurguri. Wannan aibin ana samunsa har a manyan sunaye.

Bakin da aka sauya yana karya daraja sosai. Na asali yakan haɗu da wuya sumul, yatsa ba ya jin gaɓa. Haka kuma lofen da ya cika ƙyalli abin tuhuma ne, don injin gogewa yana cinye hatimi yana dakushe gefuna, kuma abin da ya ci ba ya dawowa. Comoy ko GBD da aka kula da shi ya fi Dunhill da aka yi wa wannan aika-aika.

Wanda ya saya, ya sani cewa ƙanzon gawayin da ke taruwa a bangon tukunya kariya ne idan bai wuce milimita 1 zuwa 1.5 ba. Idan ya yi kauri, zafi na kumbura shi fiye da itacen, sai tukunyar ta tsage. Bakin kuwa roba ce mai tauri da aka haɗa da farar wuta, hasken rana da ruwan zafi ke mayar da ita kore-kore mai ɗaci. Ana gyarawa da samfefa mai lamba 600 zuwa sama a shafa ɗan mai, amma a rufe tambarin kafin a fara. Warin tsohuwar taba kuma, a cika tukunyar da gishiri, a ɗiga sifirit har ya jiƙa, a bar shi ya kwana, kada ya taɓa jikin waje don yana cire launi.

Kada a cire baki lofe na da zafi, nan ne tsinin ke karyewa ko wuya ya tsage. A ƙasarmu kuma bushewar hunturu kan sa bakin ya yi sako-sako. Kada a yi gaggawar sa gam ko naɗa zare, a shafa ɗan kakin zuma a tsinin, a ajiye lofen cikin akwati nesa da taga har damina ta dawo.

Wassalam.

Naka,
Wani mai karatu, Kano