Godiya ga kamfanin da ya mayar da ni kan tsauni a keken lantarki

Zuwa ga shugabanni da ma'aikatan kamfanin da ke jagorantar yawon keken lantarki a tsaunukan bayan gari.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya, na zaɓi in rubuto wannan wasiƙa a bainar jama'a ne saboda godiyar da na yi muku da baki ranar da muka sauko ba ta gamsar da ni ba. A lokacin numfashina bai gama daidaita ba, ina kwance igiyar hular kwano hannuna na rawa, abin da na iya furtawa bai wuce "madalla, madalla" ba. Yanzu da na natsu, ina so in faɗi abin da kuka yi mini filla-filla. Yabon gwani ya zama dole, kuma wataƙila wani mai irin larurata ya karanta ya samu ƙwarin gwiwa.

Shekaruna 58. Tun ina saurayi nake son hawan tudu, da ƙafa da kuma keke, har gwiwata ta dama ta fara ciwo shekara tara da suka wuce. Likita bai hana ni keke ba, ya ma ce ya fi gudu sauƙi tunda ba ya dukan gaɓa, amma doguwar hawa ta gagare ni. Kullum ina hango tsaunukan nan ta tagar wurin aikina, tafiyar da ba ta kai rabin sa'a a mota ba, amma sun yi mini nisa kamar wata ƙasa. Ɗana ne ya yi mana rajista da ku. Da ya gaya mini sai na ce masa ni ba babur nake so ba, hawa nake so da ƙafafuna. Da wannan tunanin na zo muku.

Tun kafin ranar ma kun kira mu a waya. An tambaye ni yaushe rabona da keke, ina da ciwon zuciya ko hawan jini, wace gwiwa ce ke damuna. Ɗana ya nemi a sa mu a hanyar da ta fi wuya, aka ce masa a'a, sai an ga hawanmu tukuna. Da wani kamfanin ne, da ya amsa masa don kada ciniki ya kuɓuce. Ku kun ƙi, cikin ladabi, kuma daga baya na ga dalili da idona.

Matar da ta tarbe mu a rumfarku ba ta yi gardama da ni kan zancen babur ba. Ta ce, "Baba, hau ka kunna, amma kada ka taka feda." Na hau, na danna maɓalli, allo ya haska, keke yana nan tsaye bai ko motsa ba. Sai ta ce to taka a hankali. Ina takawa na ji kamar wani ya ɗora tafin hannunsa a bayana yana turawa, daidai gwargwadon ƙarfin da na sa. Na sassauta, shi ma ya sassauta. Ta bayyana mini cewa injin yana nan tsakanin fedodin biyu, akwai na'ura a cikinsa da ke auna ƙarfin takunka, ita ke faɗa masa yawan taimakon da zai ƙara. Babu totur a hannu. In ƙafa ta tsaya, inji ya tsaya. Ta ce a dokar Tarayyar Turai irin wannan keken ƙarfin injinsa na ɗorewa ba ya wuce wat 250, kuma yana janye taimako da zarar gudu ya kai kilomita 25 a sa'a, abin da ya haura haka ƙafarka ce ko gangara. Da na koma gida na bincika, na tarar kamfanin Yamaha na Japan ya fitar da keke mai taimaka wa feda tun 1993. Shekara talatin da ɗoriya ke nan ana wannan abu, ni kuwa ina zaune ina kallon tsauni ta taga.

Kusan minti arba'in muka yi ba mu bar filin rumfar ba, kuma ban ga wanda ya duba agogo a cikinku ba. An auna tsayin sirdi da ƙafata, an tambayi nauyina aka ƙara wa shokozoba iska da wani ɗan ƙaramin famfo, an rage iskar taya don ta kama ƙasa da kyau. An sa kowa ya matsa birkinsa ya faɗi da bakinsa wane hannu ne na gaba, wane ne na baya, domin ashe abin ya bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa: a Ingila birkin gaba yana hannun dama, a Amurka yana hagu. Sannan aka ce in ɗaga keken in ji. Ya haura kilo 20 nesa ba kusa ba. Jagoran gaba ya ce, "Wannan nauyin ba za ka ji shi a hawa ba, Baba, a gangara zai nuna kansa, shi ya sa birki muke fara koyarwa." Muka yi ta kewaya filin muna tsayawa da yatsa ɗaya a kan kowane birki, muna miƙewa tsaye fedodi a daidaita, muna sauke sirdi da ɗan maɓallin da ke ƙarƙashin babban yatsa muna mayar da shi.

Mu bakwai ne, jagorori biyu, ɗaya a gaba ɗaya a baya, kowannensu da rediyon oba-oba a kafaɗa da akwatin agajin gaggawa a jaka. Na gaban yana tsayawa a kowace mararraba har sai ya ƙirga mu cif. Ya san hanyar kamar tafin hannunsa, kuma ya iya koyarwa. Shi ya nuna mana cewa ba nisan tafiya kaɗai ke cinye batir ba, har da hawa da nauyin mahayi da matakin taimakon da ka zaɓa. Kekunanku masu injin Bosch ne, batirinsu na ɗaukar wat-awa 625, ya ce wanda ya liƙe wa mataki mafi ƙarfi tun daga ƙasa batir zai iya ƙare masa ya koma tura keke mai nauyi a ƙarshen rana. Ya ce mu sauke giya kafin tudu ya tsananta, mu bar ƙafa na juyawa da sauri ba da ƙarfi ba, mu ɗan sassauta taku a lokacin canza giya domin inji da ƙafa duka suna jan sarƙa ɗaya. Wannan shawara ta sauke giya ita ta ceci gwiwata. Har muka dawo ba ta yi mini ko tsam ba.

Amma wanda na fi so in yi magana a kansa shi ne saurayin da kuka sa a baya. Ba zan faɗi sunansa a nan ba, ku kun san shi. Ni ne mafi jinkiri a tawagar, don haka shi ya zame mini abokin tafiya tun daga gindin tsauni har ƙolinsa. Ko sau ɗaya bai wuce ni ba. Bai matso mini taya ba balle in ji ana korata. Ina jin ƙarar injinsa can baya kaɗan, tazarar keke uku ko huɗu, in na tsaya shan ruwa ya tsaya, sai ya shiga duba sarƙar kekensa ko ya nuna mini wani tsuntsu, don kada in ji cewa ni ake jira. Na lura da wannan dabara tasa, kuma ta shiga raina ƙwarai. Saurayi mai jini a jika, wanda na tabbata zai iya haye tsaunin nan sau biyu kafin in kai rabi, ya yini yana tafiya da takun dattijo, fuskarsa a sake.

A wani wuri hanyar ta karya ta gangara cikin duwatsu, tsayin gangarar bai fi na ɗaki biyu ba, amma ga saiwoyi a gicciye ga tsakuwa mai zamewa. Sauran suka sauka ɗaya bayan ɗaya. Ni da na iso baki sai jikina ya ƙi. Na sa ƙafa a ƙasa, na riƙe birki gam, zuciyata na bugawa har a kunne. Ya iso kusa da ni ya ce, "Baba, a nan ni ma saukowa zan yi, mu taka tare." Ya sauka daga kekensa, ya nuna mini in tsaya ta gefen tudu keken na gefen gangara, in riƙa sakin birkin baya kaɗan-kaɗan. Muka taka har ƙasa, yana gabana rabin taku, hannunsa ɗaya a kan kekena. Da muka isa wurin sauran bai ce komai ba, ya dai sanar da na gaba ta rediyo cewa mun cika. Na san sarai ba don kansa ya sauka ba.

Can gaba da muka samu wata gangara mai sauƙi, sai ya ce ga wadda za mu gwada, in ina so. Ya ce in sauke sirdi, in miƙe, in saki gwiwa da gwiwar hannu, in danna dugadugai ƙasa. Abin da ya fi nanatawa shi ne ido: kada in kalli dutsen da nake tsoro, in kalli inda nake so taya ta bi, domin keke yana bin ido. Na saki birki. Na ji tayar gaba ta haye dutsen farko, shokozoba ya shanye dukan, na biyun ma haka, kafin in ankara ina ƙasa a kan keke. Na juya na gan shi yana saukowa yana ɗaga mini hannu. Rabona da jin irin wannan daɗi a jikina na manta.

Ɗana kuwa, wanda ya nemi hanya mai wuya, dutse mai kaifi ya tsaga masa tayar baya. Tayoyinku marasa tub ne, sai muka ga wani farin ruwa kamar madara yana tsartuwa daga hujin, ashe shi ne ruwan da ke toshe ƙananan huji da kansa. Wannan hujin ya fi ƙarfinsa. Saurayin nan ya durƙusa, ya juya tayar hujin ya dawo sama, ya zaro wata 'yar allura mai baki biyu, ya zura mata wani baƙin zare mai danƙo, ya soka a cikin hujin ya zare allurar, zaren ya tsaya. Ya datse abin da ya yi saura, ya buga famfo, ya tofa ɗan ruwa a wurin ya ga babu kumfa. Ko minti biyar ba a yi ba. Yana yi yana nuna wa ɗana kowane mataki, har ya miƙa masa famfon ya ƙarasa da hannunsa.

Akwai kuma yadda kuke girmama hanyar da mutanen da ke binta. Duk inda muka haɗu da masu tafiya a ƙafa, jagora ne ke fara rage gudu ya gaishe su, mu bi su a hankali ko mu tsaya su wuce. An hana mu ja da tayar baya a ƙasa, domin hakan ke tona hanya ruwan sama ya zo ya mayar da ita kwazazzabo. Wani reshen hanyar ma an fasa binsa gaba ɗaya saboda ruwan da aka yi kwana biyu kafin zuwanmu bai tsane ba. Jagoran gaba ya ba mu labarin cewa wasan hawan tsauni a keke ya samo asali ne a gundumar Marin ta jihar Kalifoniya a shekarun 1970, inda matasa irin su Joe Breeze da Gary Fisher suke gangarowa daga tsaunin Tamalpais a tsofaffin kekuna masu faɗin taya. Da aka fara rufe wa masu keke hanyoyi saboda ƙorafin masu tafiya a ƙafa, sai aka kafa ƙungiyar masu hawan tsauni a keke ta ƙasa da ƙasa, wato IMBA, a 1988, ta shimfiɗa ƙa'idojin bin hanya. Ya ce keke mai inji yana kai mutane da yawa inda da ba sa iya zuwa, don haka idon jama'a ya fi yawa a kansa, kuma ɗabi'ar kowane mahayi ce za ta sa a bar hanyar a buɗe ko a rufe ta. A ganina gaskiya ya faɗa, kuma na ga kuna aikata abin da kuke faɗa.

Kusa da ƙoli akwai wata hawa mai tsayi wadda ko da inji sai da na sauka. Nan ma saurayin ya nuna mini maɓallin da ke sa keken ya ja kansa a hankali, gudun da bai wuce kilomita 6 a sa'a ba, ni kuwa ina biye da shi ina riƙe. Da hanya ta ɗan kwanta na sake hawa. Ɗana ya rage taimakon kekensa zuwa mataki mafi ƙanƙanta, ni na ƙara nawa, sai ga mu kafaɗa da kafaɗa, yana haki ina haki, muna hira. Tun yana ɗan shekara goma sha huɗu rabon da mu hau wani tudu tare. Muka fito fili a lokaci ɗaya, gari ya bayyana a ƙarƙashinmu, na tsaya ina neman ginin wurin aikina har na gano shi, ɗan mitsitsi. Na daɗe ban ce komai ba. Jagororinku suka koma gefe suka bar mu.

Da muka dawo rumfa na ga yadda ake karɓar kekunan: a wanke, a duba faifan birki da sarƙa, a cire batir a kai shi wani ɗaki mai inuwa da iska, kowanne a haɗa shi da cajarsa ta asali, ga abin kashe gobara a rataye bakin ƙofa. Allon kekena ya nuna saura sama da kashi ɗaya cikin uku na caji.

Roƙona gare ku guda ne. Na san kasuwa za ta buɗe muku, domin aiki irin naku ba ya ɓuya. In ta buɗe, kada ku ƙara yawan mutane a tawaga, kuma kada wata rana a ce jagora ɗaya ya isa a cire na baya don rage kashe kuɗi. Ku kuma isar wa saurayin nan da gaisuwata ta musamman, ku karanta masa wannan wasiƙa a gaban abokan aikinsa. Allah ya saka muku da alheri, ya tsare ku da duk wanda kuka ɗauka, ya ƙara wa sana'arku albarka.

Na riga na sake yin rajista a wata mai zuwa, wannan karon da wani abokina da aka yi wa aikin gwiwa bara, likitansa ya ba shi izini. In da hali, a sa mana saurayin nan a baya. Akwai gangarar da muka taka da ƙafa ni da shi, ina so ya tsaya a ƙasanta ya ga ko zan iya.

Naku mai godiya,
Dattijon da ya zo na ƙarshe a tawagar mutum bakwai